Motar da kuka gani a hoto, da maganar sunan wa za a rubuta



Tun shekaranjiya da na ɗora hoton motar nan saƙonni ba su tsaya ba. Wani ya ce ta Turawan mulkin mallaka ce muka tono, wani ya rantse haɗin kwamfuta ne, wata baiwar Allah kuma ta tambaya ko ana ba da ita haya ranar biki. To bari in amsa muku gaba ɗaya a wuri guda, yatsuna sun gaji. Rubutun zai yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya bari sai dare.

Motar ba daga waje ta zo ba, kuma ba tsohuwa ba ce kamar yadda ido ke gani. A bayan gida aka ƙera ta a Ibadan, ƙarƙashin rumfar kwano, tsakanin bishiyar mangwaro da igiyar shanya. Mu biyu ne, ni da wani dattijo Bayarabe maƙwabcinmu, tsohon mai gyaran bodin mota da ya ajiye aiki, wanda duk unguwa ke ce wa Baba. Ban sa sunansa a nan ba don shi ya hana. Ya ce Facebook ba wurin ajiye sunan dattijo ba ne.

Yajin aiki ne ya haifi abin. Kun tuna 14 ga Fabrairu 2022, ranar da ASUU ta ce gargaɗi ne na mako huɗu kawai. Muka zuba kaya kala uku a jaka, muka bar katifu a hostal, wai yanzu za mu dawo. Ba a janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cif. Lokacin ina aji uku a fannin injiniyan injuna, a wata jami'ar gwamnati a nan ƙasar Yarbawa. Gidanmu a Sabo yake, nan aka haife ni, nan aka haifi Alhajinmu, kakana ne fataucin goro ya kawo shi. Watan farko barci da kallon ƙwallo. A na biyu Alhaji ya fara yi min kallon nan da ba sai an yi magana ba. Abokaina wasu suka buɗe POS, wasu suka faɗa kirifto, wasu suka bi 'yan canji bakin titi. Ni kuwa kullum in na dawo daga la'asar sai in bi ta gidan Baba, can inda Sabo ta haɗu da Mokola, in hango wata kunkuru kwance a tsakar gida, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji sun mayar da kujerar baya wurin saka ƙwai.

Ga yaran da ba su taso sun gan ta ba: Volkswagen Beetle nake nufi, wadda iyayenmu ke kira Bitil ko kunkuru, Yarbawa su ce ijapa. A 1975 aka fara haɗa ta a nan ƙasar, a Ojo ta Legas kan hanyar Badagry, shekarar da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna. Malamin makaranta da akawu da ƙaramin ma'aikaci, duk wanda ya samu bashin mota, da ita yake farawa. A duniya an ƙera sama da miliyan 21, ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla ta Meziko a 30 ga Yuli 2003. Baba ya koyi sana'a ne daidai lokacin da ta cika titunan Ibadan. Ya ce babu lungu a jikinta da gudumarsa ba ta taɓa ba.

Abin da ya sa ita ta dace da wannan aiki ba kyau ba ne, yadda aka gina ta ne. Motocin yanzu, Corolla ɗinku da Camry, bodi da shasi abu ɗaya ne, in ka yanke bodi ka kashe mota. Kunkuru kuwa gida ne a kan faranti. Ƙasanta wani faffaɗan ƙarfe ne mai ƙashin baya a tsakiya, inji da giya da tayoyi da birki duk a jikinsa suke, bodin kuma da kusoshi kawai aka ɗaure shi a sama. Ka kwance kusoshin, ka ɗage bodin, abin da ya rage zai iya tafiya da kansa. Shi ya sa wani Ba'amurke, Bruce Meyers, ya ɗora wani sabon bodi a kan irin wannan faranti ya yi motar hawa rairayi, daga nan mutane a Amurka da Ingila suka yi ta ɗora duk siffar da ransu ke so a garejin gidajensu. Injin kuma a baya yake, silinda huɗu a kwance, biyu na kallon biyu, ba lagireto, ba ruwa, iska ce ke sanyaya shi.

Ranar ɗage bodin sai da muka kira matasa shida daga majalisar mai shayi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan kam na gani da idona. Ladansu shayi da biredi mai bota, Baba ya biya.

Siffar da nake so na nuna masa a waya: irin motocin nan na shekarun 1930, masu dogon hanci, kujera biyu, ba rufi, madigadi ya fito waje ya lanƙwasa bisa taya kamar fiffike, fitilu zagaye a tsaye. Ya daɗe yana kallo, yana matsar da wayar nesa da fuskarsa. Sai ya ce, da Hausarsa ta shekara arba'in a maƙwabtakar Sabo:

"Injiniya, wannan dogon hancin, me za ka sa a ciki? Injinka yana baya."

Na ce, "Baba, tanki da batir da safayar taya."

Ya ce, "To ƙarya za mu ƙera ke nan."

Na ce ai babbar riga ma duk yadin nan ba jiki ne a ciki ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce oya, kawo kwali.

Kwali kuwa da gaske. Katan ɗin Indomie muka yi ta yanka muna manna wa a jikin ƙwarangwal da muka yi da siririn rodi, mu koma bakin ƙofa mu tsaya mu kalla, mu dawo mu rage. Hancin kaɗai ya ci mana kusan mako uku. Matar Baba, da muke ce wa Mama, ta ce tunda take ba ta taɓa ganin manya biyu suna wasan yara da zuciya ɗaya haka ba.

A nan ne karatuna ya fara amfani, kuma ina so masu cewa boko ba ya tsinana komai a gareji su ji. In kana son dogon hanci dole direba ya koma baya, kusan inda kujerar baya take a da. Ke nan sai an ƙara wa sandar sitiyari tsawo, an dawo da abin taka birki da kuloci da totur baya, haka ma sandar giya. Kunkuru dama bayanta ya fi nauyi saboda inji. Yanzu ka cire bodin ƙarfe mai nauyi, ka tura mutum baya, gaban ya zama kamar fanko. Mota irin haka in ta shiga kwana da gudu gaban ba ya kama ƙasa, in ka taka birki tayoyin gaba su ja. Baba ya san wannan a jikinsa amma ba shi da hanyar auna shi. Ni na je wurin 'yan gwangwan na aro sikelinsu na awon ƙarfe, muka riƙa ɗora taya ɗaya-ɗaya a kai, sauran ukun a kan katako mai tsayi ɗaya. Na zauna da biro na yi lissafin da muka yi a aji biyu, wanda a lokacin don jarrabawa kawai muka haddace. Lissafin ne ya nuna mana inda tanki zai zauna da inda batir zai zauna, can gaba kusa da hanci. Sifirin ɗin gaban kunkuru kuma ba naɗaɗɗe ba ne, wasu falle-fallen ƙarfe ne a cikin bututu biyu da ke murɗewa in taya ta hau. Muka zare kaɗan daga ciki don gaban ya yi laushi daidai da sabon nauyinsa. Sannan da yake bodin asali shi ke hana farantin murɗewa, muka bi gefe biyu da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu muka yi walda, muka kafa wani lanƙwasasshe a bayan kujeru saboda tsautsayi.

Wannan kashin nawa ne, kuma ba na jin kunyar faɗa. Amma duk abin da ya sa kuka tsaya kan hoton nan kuka danna, ba nawa ba ne.

Madigadi huɗun nan da kuke yabo, daga shimfiɗaɗɗen falle na ƙarfe suka fito, kaurinsa bai fi milimita ɗaya ba. Ba injin matsawa, ba komai. Kututturen icce ne da aka fafe tsakiyarsa kamar turmi, da buhun yashi, da guduma kala biyar, da wasu dunƙulen ƙarfe da Baba ke riƙewa ta ciki yana bugu ta waje. Wurin da ake son ya kumbura sai a buga tsakiya ƙarfen ya miƙe. Wurin da ake son ya tsuke sai a tattare bakin kamar mai ɗinkin siket, a bi tattarar a daddanne har ta ɓace cikin kanta. In wani wuri ya yi ciki, ya ɗauko wutar walda ya gasa daidai faɗin kwabo har ya yi ja, ya buga sau uku, ya danna jiƙaƙƙen tsumma, sai ka ji ƙarfen ya ja jikinsa ya koma daidai. Ba ya duba aiki da ido. Tafin hannu yake bi da shi a hankali, fuskarsa na kallon wani wuri, sai ya tsaya ya ce, "Nan." Ni in shafa wurin sau goma ban ji komai ba, sai an haska fitila ta gefe ka ga ɗan lotsawar.

Wata rana yana cikin bugu sai ya ajiye guduma ya ce ƙarfen ya gaji, a ba shi wuta ya huta. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Semesta guda muka yi a kan wannan, yadda ƙarfe ke taurara in an yi ta bugunsa a sanyi har ya kai ga tsagewa, da yadda zafi ke mayar masa da laushinsa. Mun zana hotunan ƙwayoyinsa, mun ci maki. Ban taɓa jin ƙarar ƙarfen da ya gaji ba sai ranar. Baba ya sa na saurara: sabo yana amsawa da taushi, wanda ya gaji yana ƙara kamar faranti. Na yi masa bayanin abin da littafi ya ce, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To su ma sun sani ashe."

Injin kuwa, 1500 ne, mun sauke shi a kan tabarma. Ringi da fulogi da gasket mun samu a kasuwar Gate, fistan sai da na shiga mota zuwa Ladipo a Mushin, na yi yini ina yawo kafin wani ɗan Nnewi ya shiga can ƙuryar shagonsa ya fito da su cikin kwalin da ya yi baƙi. Kada wanda ya tambaye ni nawa aka kashe gaba ɗaya, Hajiya tana karanta shafin nan a wayar ƙanwata. Abin da zan ce kawai, abin da muka saya kafin 29 ga Mayu 2023 da wanda muka saya bayan cire tallafin mai kamar ba a ƙasa ɗaya ba, har kuɗin motar zuwa kasuwar.

Ga masu irin wannan inji, ku riƙe abu uku da Baba ya sa na maimaita har na haddace. Tazarar bawul 0.15 ta milimita, kuma sai inji ya huce sarai ake saita ta. Baƙin mai lita biyu da rabi ne kacal, don haka ba a wasa da canza shi. Na uku kuma, gwangwanayen nan da ke lulluɓe da inji, da makanikai ke cirewa su jefar wai suna tare hannu, su ne lagiretonsa. Su ke kai iskar fanka kan silinda, su ke raba iska mai sanyi ta sama da mai zafi ta ƙasa. Baba ya ce yawancin kunkurun da aka ce zafin ƙasarmu ya kashe, ba zafi ba ne, hannun mutane ne. Kuma in bel ɗin fanka ya tsinke ka tsaya nan take, ko a tsakiyar Dugbe kake.

Aka janye yajin aiki muna da faranti mai tafiya da madigadi biyu. Daga nan aikin ya koma na hutu da ƙarshen mako. Juma'a bayan masallaci in hau mota zuwa Ibadan, Lahadi da yamma in koma makaranta da baƙin mai a ƙarƙashin farce. Abokan ɗakina sun ɗauka budurwa ce. Shekara biyu da wani abu muka yi a haka. Gilashin gaba shimfiɗaɗɗe ne da aka yanko daga na tsohuwar bas. Maɗaurin fata biyu da ke kan hancin wani baduku a Sabo ya yi mana, ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce sai dai a ɗana shi.

Ranar da ta fara tashi, da asuba ne, don kada yara su taru. Sun taru. Ta yi tari sau biyu, ta yi shiru, a na uku ta kama da wannan ƙarar tata da duk wanda ya haura shekara arba'in ya sani. Wani tsoho mai zuwa masallaci ya tsaya cak da buta a hannu ya ce, "Kai! Bitil ce?" Ƙarfinta bai kai rabin na Corolla ba, amma da yake ba ta da nauyi ta hau tudun Mokola a giya uku ba ta yi nishi ba. Baba yana gefena riƙe da hularsa, bai ce uffan ba har muka dawo. Da ya sauka sai ya shafa madigadin baya na hagu ya ce, "Wannan yana rawa kaɗan." Shi ke nan yabon.

Wannan madigadin ni na buga shi. A shekarar ƙarshe hannun Baba na dama ya fara karkarwa, guduma ba ta sauka inda ya nufa. Sai ya koma zama a kujera yana nuna min da sanda, in buga, in kai masa ya shafa, in dawo. Na farko uku ya yi kowanne cikin kwana huɗu, nawa ya ci mako biyar. 'Ya'yansa duk sun yi karatu, Allah Ya yi musu albarka, babu wanda ya ɗauki guduma. Yaron aikinsa na ƙarshe ya tafi acaba tun da daɗewa, kuma ba na ganin laifinsa, yanzu wa ke gyaran madigadi? A cire a sa na Beljiyam, ko a cika da fila a fesa fenti.

To ga abin da ya sa na yi wannan dogon rubutu. Yanzu ina ajin ƙarshe. Malamin da ke duba furojet ɗina ya ga hoton tun kafin ku gani, ya kira ni ofis ya ce in kawo motar a matsayin aikina na kammalawa, sashe zai yi alfahari, ƙila har a kira 'yan jarida. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, mutumin kirki ne. Amma takardar da ake cikewa wuri uku gare ta: sunan ɗalibi, lambarsa, sunan malami. Akwai kuma shafin da za ka sa hannu cewa aikin nan naka ne. Abokaina suka ce meye abin damuwa, ka sa shi a shafin godiya. Kun san shafin godiya, inda ake jera iyaye da abokan ɗaki da mai abincin da ke ba da bashi. Mutumin da ya fitar da siffar motar nan da tafin hannunsa ya zauna a layi ɗaya da mai ba ni bashin shinkafa?

Kuma mun sha ganin yadda labarin ke tafiya. "Ɗalibi ya ƙera mota." A yi ta yaɗawa kwana uku, a ce gwamnati ta taimaka, a kawo sunan Jelani Aliyu da motar Chevrolet Volt, a tuna da Ezekiel Izuogu da Z-600 ɗinsa ta 1997, kowa ya yi takaici ya wuce. Ba a taɓa tambaya wa ya riƙe wutar walda. Je ka Panteka a Kaduna, je ka Gate, je ka Ladipo, akwai irin Baba da yawa, kuma in ɗalibi ya kai musu aikin furojet, su yi, a biya su, a goge hannunsu daga jikin aikin kafin ranar karewa. Duk wanda ya yi injiniya a ƙasar nan ya san abin da nake faɗa, kada mu yi wa juna ƙarya.

Na koma wurin malamin na ce abin da zan kare shi ne rabon nauyi da sanyaya inji: awon da na yi, lissafin, da gwajin zafin silinda da gwangwanayen da kuma babu su. Wannan nawa ne, ko tsakar dare aka tashe ni zan amsa. Bodin kuwa zan rubuta a babi na uku, da cikakken suna, cewa wane ne ya ƙera shi, ga hanyar da ya bi. Na kuma roƙi a bar Baba ya shigo zauren ranar karewa, in an yi tambaya a kan bodi shi zai amsa, ni in fassara. Malam ya yi shiru, ya ce bai taɓa ganin an yi haka ba, zai kai wa shugaban sashe. Mako biyu ke nan ina jira. Wani ɗan ajinmu ya ce ina wasa da makina a shekarar da maki ya fi tsada, kuma na san ba ƙarya ya yi ba. Da na gaya wa Baba ya ce shi me zai je yi jami'a da tsufansa. Mama kuma ta riga ta kai agbadarsa wurin mai guga.

Mai tambayar haya, ki yi haƙuri tukuna. Lambar shasin kunkuru a kan ƙashin bayan farantin take, tana nan ba mu taɓa ta ba, takardun asali ma Baba ya fito da su daga gwangwanin biskit. Amma siffa ta canza, launi ya canza, sai masu duba lafiyar mota sun gani sun amince kafin ta hau babban titi da amarya a ciki. In ta samu, kuɗin haya kashi biyu ne, mun riga mun yi magana a gaban Alhaji.

Abin da ya rage mana yanzu kafireta. Tamu Solex ce ta asali, maƙogwaronta ya cinye, tana shan iska ta gefe, in inji ya yi zafi ba ta tsayawa a silo. 'Yan uwa na Kaduna da Kano, duk wanda zai leƙa Panteka ko Ƙofar Ruwa ya taimaka ya tambaya min ta kunkuru 1500, ko tsohuwa ce in dai sandar maƙogwaron ba ta girgiza. A ɗauko hotonta ta sama da ta gefe a turo min, zan kai wa Baba ya gani kafin a yi ciniki.